Shekarar da Awaki Suka Riƙa Kawo Kansu Gidan Kaso

Akuyar farko da na kama a rayuwata tawa ce. Gara ku ji daga bakina, don na san yadda ake ƙara wa labarin gishiri a bakin rijiya. Ranar da na fara aiki na hango wata ja mai farin goshi ta cusa kai cikin salatin mata, tana ci kamar an gayyace ta suna. Na lallaɓa, na jefa igiya, na kama. Na ja ta ta hanya mafi tsawo a unguwa don kowa ya ga sabon ma'aikaci. Da na iso gaban mai shayi har na tsaya na yi mata wa'azi a kan cin haƙƙin mutane. Ina cikin wa'azin Inna ta ɓullo daga wajen niƙa da ƙwarya a kai. Ta dube ni, ta dubi akuya.

"Illa, ba ita ce na ce ka ɗaure da safe ba?"

Ita ce. Sunanta 'Yar Bambeye, don daga garin Bambeye kakata ta aiko mini da ita shekarar da na gama ƙaramar lakwal, wato firamare. A gidanmu akuyar nan tana da masu ita biyu. In ta yi nono, ta Inna ce. In ta yi ɓarna, tawa ce. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Yanzu shekarata goma sha shida, na tsufa a cikin sana'a, gwiwata ma ta fara ƙara in na tashi. Ku yaran yanzu kuna ganina zaune a inuwar itacen bedi da igiya a kafaɗa, sai ku ce ai kamun akuya ba aiki ba ne, gudu ne kawai. Jiya ma wani mai majina a hanci ya ce in ba shi igiyar ya riƙe mini. To ku zauna.

Bayan unguwarmu, can gefen garin Tawa, akwai garkar mata. Kowace mace da fangalinta na kabeji da salati da tumatir, ga rijiya a tsakiya, ga shingen ƙaya a kewaye. Shingen nan yana hana mutum mai kunya shiga, amma akuya tana ganinsa a matsayin abin buɗe baki. Shi ya sa aka yi gidan kason awaki: wani tsohon kango mai ƙofar langa-langa da rumfa a ciki. Duk dabbar da aka kama a garka can ake kai ta, sai mai ita ya zo ya biya tara. Kuma tun asali akwai sharaɗin da ba a taɓawa: dabbar da ke hannunka sai ka ba ta ci ka ba ta sha, don ita ba ta san doka ba, mai ita ne ya sani. Saboda haka duk kaka kowace mace takan kawo damin harawa a jibge a saman rumfar, abincin fursunoni ke nan.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da ilminsa. Igiya ta kaba ce, ba ta roba ba, ta roba tana zamewa a ƙaho tana kuma yanka hannu. Sanda ba ta duka ba ce, ta tare hanya ce, wanda ya doki akuyar mutane ya sayi shari'a. Sai kwanon dusa. Ka kaɗa shi sau ɗaya, akuya mai hankali ta zo da kanta. Sai takalmi. Na taɓa bin wani bunsuru cikin ƙaya da silifa, har yau in na taka ƙasa da ƙarfi ina jin sauran ƙayar tana gaishe ni.

Wanda ya koya mini aikin Baba Salifu ne, tsoho mai murya kamar lasifikar masallaci. Shi tsarinsa tsoratarwa ne. Da safe zai tsaya bakin garka ya rantse cewa akuyar da ya kama yau sai mai ita ya sayar da ƙofar gidansa. Daga nan ya shimfiɗa buhu a inuwa ya rufe fuska da hula. Awakin unguwa sun san wannan hula. In tana kan kai, suna kiwo can nesa kamar salihai. In ta sauko kan hanci, sai ka ga sun jero. Sau ɗaya a wata yakan farka ya kama guda, ya zagaya da ita unguwa ana kallo, ya ce ya zama darasi.

Na tambaye shi, "Baba, mi ya sa ba mu kama su duka?"

Ya ɗaga hula kaɗan. "Kai yaro, in ka kama su duka, wa zai ji tsoro?"

Ban gane ba, amma na gyaɗa kai, don almajirin sana'a da gyaɗa kai yake ci gaba.

Babban abokin cinikinmu Alhaji Bube ne mai sayar da siminti. Yana da wani baƙin bunsuru wanda in ya shigo garka warinsa ke riga shi isowa. Na tuna ranar da na fara kama shi: ya ja ni a ƙasa tun daga fangalin tumatir har bakin rijiya, na ci ƙasar da ta isa a shuka albasa a cikina. Da yamma Alhaji ya aiko yaronsa da tara, ko kallon gidan kason bai zo yi ba. Haka masu hali suke yi, su aiko yaro. Marasa hali su zo da kansu su ce akuyar ba tasu ba ce, ita kuwa tana lasar hannunsu.

Sai shekarar wahala ta zo. Ruwa ya ɗauke da wuri, wake bai yi ganye ba, ciyawa ta ƙare a daji tun kafin sanyi ya shiga sosai. Harawa ta yi tsada har masu sayarwa suka fara magana da mutane a hankali kamar likitoci. A shekarar ce kuma gwiwar Baba Salifu ta kumbura, ya kasa fita. Ya kira ni gidansa, ga Gwaggo Hauwa shugabar matan garka a zaune. Gwaggo Hauwa yayar mai unguwa ce, kuma ita kaɗai ce in ta yi tari yake gyara zama. Baba ya miƙo mini igiyarsa, ya riƙe ɗaya bakin bai saki ba.

"Aro ne. In kabejin matan nan ya kai kasuwa, igiya ta zama taka. In awaki suka cinye shi, ka maido mini abina."

Gwaggo ta ce, "In suka cinye shi, ba igiya kaɗai za ka maido ba, kunnenka ma sai na karɓa."

Ku fahimta, wannan igiya ita ce komai. Mai igiya yana da kason kayan garka, yana da wurin zama gaban mai shayi, kuma 'yan mata in za su wuce suna cewa sannu da aiki. Wanda aka karɓe wa igiya kuwa sai dai ya tafi Agadas neman wani aiki.

Yunwa ta sa awaki suka haukace. Masu su ba su da abin ba su, sai su kwance su da safe su ce Allah ya ba da sa'a. Na ruga wajen mai unguwa na ce a tsananta. Aka yi shela, aka ɗaga tara har ta kusa kuɗin akuyar kanta. Ranar na yi tafiya a unguwa kamar sabon jandarma.

Abin da ya biyo baya shi ne koke-koke. Duk wanda na kama wa akuya sai ya tafi gidan mai unguwa tare da wani tsoho mai furfura, a tuna masa cewa kakarsu ɗaya, ko kuma ubansa ne ya yi masa wanzanci. Mai unguwa ya dubi sama, ya ce to saboda zumunci a saki, amma kar a ƙara. A unguwarmu kowa ɗan'uwan kowa ne, har wanda ya zo bara daga Maraɗi an gano masa dangantaka. Ni kaina abin ya lalata mini ido. Na ga akuyar wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli cikin kabeji, na tuna nauyin tarar, sai na ga wani gajimare mai ban sha'awa na tsaya kallonsa har ta ƙoshi. Tara ta yi girma har ta fi ƙarfin a biya ta, awaki kuwa suna ta ƙiba.

Ana cikin haka yayata Zali ta dawo hutu. Tana jami'a tana karatun tattalin arziki, kuma abin da take rubutu a kai shi ne dalilin da ke sa mutane aikata laifi da abin da ke hana su. Na same ta tana tsinke zogale a tsakar gida, na zube gabanta na ce na mutu.

"Ba ka mutu ba, wari kake yi. Matsa can."

Na ba ta labari. Ta yi dariya har zogale ya zube.

"Illa, mai laifi ba mahaukaci ba ne, awo yake yi. Yana duba abin da zai samu, yana duba ko za a kama shi, yana duba mi za a yi mishi in an kama shi. Masu bincike sun daɗe suna lura cewa mutane sun fi tsoron kamun da ba makawa a kan horo mai tsanani wanda ba ya zuwa. Tararku damisa ce ta zane a bango. Ku rage ta yadda ba mai jin kunyar karɓa, ba mai neman a yafe, amma kowace akuya ta shiga a kama ta."

"Kowace?"

"Kowace. Amma tsaya, akwai abu na biyu, shi ne abin da mutum ke samu..."

Daidai nan abokaina suka yi mini fito daga waje, an fara ƙwallo a gidan kallo. Na ce mata na gane, na gane duka, na fita da gudu. Rabin ilmin tattalin arziki na ɗauka, sauran rabin na bar shi cikin zogale.

Washegari na shawo kan mai unguwa, shi ma ya gaji da tsofaffi masu furfura. Aka maido tara ƙasa, ta koma kamar kuɗin shayi da burodi. Ni kuma na zama annoba. Ban zauna ba, ban ci abinci a zaune ba. Akuya ta sa ƙafa ɗaya cikin shinge, na kama. Tunkiya ta kalli kabeji da niyya, na kama. Na kama jaki. Na kama wata kaza, aka ce doka ba ta hau kanta ba, na sake ta da gargaɗi. 'Yar Bambeye ma na kama ta, na biya daga aljihuna, Inna tana kallo tana dama fura da nononta. Kwanaki kaɗan garka ta yi tsit. Na fara tunanin ko in rubuta littafi.

Sai wata safiya na iso na tarar da awaki tsaye a bakin shinge. Ba su shiga ba, ba su gudu ba, jira suke. Da suka gan ni sai suka tako ciki a natse, kowace ta ɗan taɓa ganye ɗaya don a cika sharaɗi, suka juyo suna miƙo wuya. Ban ko kaɗa kwanon dusa ba. Na nufi gidan kaso, suka wuce gabana, su ne ma suka nuna mini hanya. Bunsurun Alhaji Bube da ya taɓa jan ni a ƙasa ya tura ƙofar da kansa, ya tafi ƙarƙashin rumfa ya tsaya yana kallon harawa yana kallona.

Na ce a raina tsoro ne ya karya musu zuciya. Na sauko da harawa na zuba musu, na ɗebo ruwa.

Kullum sai suka ƙaru. Masu su kuma ba mai zuwa da safe, sai rana ta yi sanyi ka ga yara sun jero, kowa da 'yan canjinsa, ana biya ana godiya. Ba a taɓa yi mini godiya a sana'ar nan ba sai lokacin. Wata mata ta tare ni a hanya ta ce, "Illa ɗan albarka, gobe akwai wuri? Tawa tana da ciki, a riƙa sa ta a inuwa." Na kama yaron Alhaji Bube da idona yana ɗaga ƙaya yana tura bunsuru ta ƙasa, yana ce masa yi sauri kar a cika. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wani bawan Allah mai rawani, Aghali, da ya iso daga wajen ƙauyen Afala da amalanke cike da awaki. Ya yi sallama da ladabi, ya tambayi lafiyar gida da ta gajiya, sannan ya ce:

"Yaro, an ce nan ne ake tsare dabbobi da rahusa. Ina ne ake yin laifin?"

Sai a lokacin rabin ilmin da na bari cikin zogale ya biyo ni. Damin harawa a kasuwa ya fi tara tsada nesa ba kusa ba. Ni kuma na yi wa duniya alkawarin cewa duk akuyar da ta shiga garka sai an kama ta, wato sai an ciyar da ita. Ban buɗe gidan kaso ba, gidan abinci na buɗe, ni ne kuku, ni ne mai kai kwano.

Harawar saman rumfa ta ƙare. Na ce to a bar su da yunwa su gane kurensu. Baba Salifu ya aiko a gaya mini cewa in na bar dabba da yunwa a hannuna, da rarrafe zai zo ya karɓi igiyarsa. Matan ma suka ce ba za a ɗauki alhakin dabba a garkarsu ba. Sai suka fara ɓare ganyen bayan kabejinsu suna kawo wa fursunoni. Yau ganyen baya, gobe na bayan na baya. Kabejin da aka ɗauke ni in tsare, ga shi ina ɗauka da hannuna ina kai wa awaki har inda suke kwance. A da sai sun sha ƙaya kafin su ci. Yanzu an hutar da su.

Gwaggo Hauwa ta kira taro a bakin rijiya bayan la'asar. Ta ɗago wani kabeji da ya koma kamar kan jariri, ta nuna wa jama'a, ta nuna mini.

"Illa, wanga mi ne ne?"

"Kabeji ne, Gwaggo."

"Da kabeji ne. Yanzu tunawa da kabeji ne. Saura kaɗan mu kai kasuwa, in aka ƙara mako guda haka, sai dai mu kai saiwa."

Mai unguwa ya ce to a maido da babbar tara. Gwaggo ta juya ta dube shi.

"Don ka yafe wa 'yan'uwanka? Zauna."

Ya zauna, alhali dama a zaune yake.

Na nuna Yaya Zali na ce ita ta ce a kama kowace. Ta ce, "Na ce akwai abu na biyu, ka tafi ƙwallo. Su wa suka ci wasan ma?" Aka yi mini dariya har da matan da ban taɓa ganin haƙoransu ba. Sannan ta ce kamun ya yi daidai, kar a taɓa shi. Abin da ya lalace shi ne horon ya zama riba. A nemo abin da mai akuya ba ya so, wanda ba zai iya aiko yaro ya yi masa ba, wanda kuma ba a hannun mai unguwa yake ba balle ya yafe.

Inna tana gefe tana jan guga, don ita ko ana taro ba ta barin fangalinta ya bushe. Ta sauke bokiti ta dafe ƙugu ta ce, "Ni dai abin da ba ni so a duniya shi ne wanga ban ruwa."

Har yau ana gardama a gidanmu kan wanda ya ƙirƙiro dokar. Zali ta ce ita ce, Inna ta ce ita ce. Ni dai na san ina wurin, kuma ni na fara tafi. Dokar ita ce: babu tarar kuɗi. Wanda aka kama wa dabba, shi da kansa, ba yaronsa ba, ba ƙanensa ba, zai zo ya ja ruwa ya shayar da fangalin da dabbarsa ta shiga, mai fangalin tana tsaye tana dubawa. In ya bar dabbar ta kwana, aikin ya ƙaru. Yafiya kuma sai mai fangali, kuma ban taɓa ganin macen da ta yafe ban ruwa ba.

Alhaji Bube bai ji shelar ba, ko ya ji ya ɗauka wasa ne. Da safe bunsuru ya zo aiki kamar kullum, ya faɗa fangalin Gwaggo Hauwa. Da yamma yaro ya zo da canji, aka ce ya koma ya turo mai shi. Sai ga Alhaji da kansa cikin farar shadda, yana ƙamshin turare, waya a kunne. Ya ciro kuɗi masu yawa ya miƙa.

Gwaggo ta ce, "Alhaji, kuɗi ba su ɗaukar bokiti."

"Haba Hajiya, ni fa? Da girmana?"

"Da girmanka bunsurunka ya ci kabejina. Ga guga."

Ya juya wajen mai unguwa. "Ranka ya daɗe, kakarmu fa ɗaya."

Mai unguwa ya dubi yayarsa, ya dubi sama, ya ce, "Wallahi Alhaji, kakar nan tamu ba ta da fangali a nan."

Ya so ya bar bunsurun ya tafi, amma bunsurun na layyar gidan surukansa ne, an riga an nuna musu shi. Ya naɗe hannun riga. Ku da ba ku gani ba, kun yi asara. Bokiti na farko ya zuba rabi a takalminsa. Na biyu ya kwarara da ƙarfi, Gwaggo ta ce a hankali, kabeji ne ba siminti ba. Mata suka bar aikinsu suka zauna a kan bokitai suna ba shi shawara. 'Yan kabu-kabu suka tsaya a bakin hanya suka kashe mashin. Wani ya kawo gyaɗa yana sayarwa. Da ya gama, shaddar ta koma kalar tabo, ya ja bunsurunsa da hannunsa, kuma tun daga bakin garka har gida ana jin yana yi masa faɗa kamar ɗan da ya faɗi jarrabawa.

Washegari igiya ta ƙare a kasuwar unguwa. Mutanen da suka rantse ba su da abin ciyar da akuya sai ga su a gindin gawo suna kaɗo 'ya'yansa, wasu suna bin masu tuwo suna karɓar ƙanzo. Na ƙara kama 'yan kaɗan, na ga wani mushe, malamin lakwal, da wani mahauci suna jan guga kafaɗa da kafaɗa, daga nan shiru. Na ji an ce garkar unguwar gaba ta fara ganin baƙin awaki masu kama da namu, amma wannan ba a yankina yake ba.

Kabeji ya kai kasuwa. Kawunan ƙanana ne, masu saye suna tambaya ko sabon iri ne, amma ya kai. Baba Salifu ya saki ɗaya bakin igiyar. Gwaggo ta bar mini kunnena. Yaya Zali ta koma jami'a ta sa labarin cikin rubutunta, ta kira ni "wani mai gadi", ko sunana babu.

To kun ji sana'ar da kuke cewa gudu ne kawai. Yanzu garka lafiya lau, akuya ɗaya ce tak ta rage mai shiga. Kusan kullum da hantsi sai in tarar da 'Yar Bambeye tsaye a fangali ɗaya, na Inna, ba ta taɓa kuskure ta shiga na wata ba. In kama ta, don doka ba ta san ɗan gida ba. In kai ta kaso. Sannan in tuɓe riga in ɗauki guga, tunda ranar ɓarna akuyar tawa ce. Na canza igiyar turkenta, na canza ƙulli, na koyo wani ƙulli wajen masu raƙuma wanda ko aljani sai ya nemi taimako. Duk a banza.

Makon jiya na yi kamar na fita, na laɓe bayan rumbu. Inna ta fito ta duba hagu ta duba dama, ta tsuguna ta kwance ƙullin masu raƙuma da yatsa biyu. Ta ja akuyar har garka, ta ɗaga ƙaya, ta sa ta a fangalinta inda ta riga ta tara mata ganyen da ya bushe, ta dawo gida ta ɗora tukunya.

Na kai ƙara wajen Gwaggo Hauwa. Ta tambaye ni akuyar ta wa ce. Na ce tawa. Ta tambaye ni a fangalin wa na kama ta. Na ce na Inna. Ta miƙo mini guga.

Kabejin Inna ne ya fi na kowa girma bana.